Ranar da Malam Ya Rufe Gada

Tun shekaranjiya ake rushe zauren da ke kallon ƙofar gidanmu. Magadan maƙwabcin namu sun sayar da gidan, wanda ya saya kuma shaguna yake so ya jera. Ina zaune a tsakar gida ina jin diga tana cin bangon, kowane sara sai in ji shi a ƙirjina, don maigidana ne ya gina zauren nan da hannunsa a shekarar da aka kawo ni Kaura. Samarin da ke aikin har mita suke yi, wai ƙasar ta yi tauri kamar dutse. Ba su san wanda ya kwaɓa ta ba, ba su kuma tambaya ba. Waɗanda suka san shi sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, wasu ƙasa ta rufe su, wasu rashin zaman lafiya ya watsa su garuruwa. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani a kansa tun ina da sauran hankalin faɗi.

Malam nake ce masa, kamar yadda kowace mace ta zamaninmu take sakaya sunan mijinta. Gini gadon gidansu ne. Lokacin da na same shi ginin ƙasa yake yi, kuma duk unguwar da yake aiki ba sai an gaya maka ba, kunnenka zai kai ka. Da hantsi za ka ji masu kwaɓa suna taka ƙasa da ƙafa suna waƙa, ka ji ana jefa tubali daga ƙasa zuwa saman bango, na sama yana cafewa yana cewa a ƙaro. Can daga tasha jirgin ƙasa ya yi kuka, mata mu san lokacin ɗora tukunya ya yi. Da la'asar sai warin makuba ya cika layi, wannan jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi don kada ruwa ya ci. Yanzu gini ba ya da wata murya sai ta injin buga bulo, jirgin kuma na manta rabon da in ji shi. Malam kan dawo gida tafin hannunsa duk ya tsage. Bayan ya ci tuwo sai ya miƙo mini hannayen, in ɗebo man kaɗanya in bi tsagar ɗaya ɗaya ina cikewa, shi kuma yana ba ni labarin wanda ya yi masa gardama a kan faɗin ƙofa. A nan muke yin duk hirarmu ta duniya.

Da siminti ya shigo gari bai tsaya raina shi ba kamar sauran tsofaffin magina. Ya je ya koya, har aka ɗauke shi aikin hanya yana gina ƙananan gadoji a kan ƙoramu. Daga nan aka ba shi leburori yana duba su, mutane suka sa masa Obasiya, sunan ya bi shi har kabari duk da ƙarin girman da ya samu daga baya. Na sha wankin jar ƙasa a rayuwata. Rigarsa in ta dawo daga hanya sai na canza ruwa sau huɗu kafin ta tuna fara ce. Damina kuwa ba ma ganinsa sosai. Hadari na haɗuwa, mutane na gudu gida, shi lokacin yake tura babur ɗinsa waje, wai sai ruwa na gudu ake gane inda hanya take ciwo. Amma duk nisan inda ya je ba ya shigowa hannu wofi, ko rake ne daga Moriki, ko tsire a takarda, sai ya tara yaran ya raba da kansa. 'Ya'yanmu mata uku, duk wadda za a kai ɗakin miji sai ya riga ta zuwa. Ya hau rufin ya duba, ya ƙwanƙwasa bango, in daɓen bai yi masa ba ya tuɓe riga ya sake shi. Surukai tun suna jin kunya har suka saba.

Ɗanmu na fari namiji ne. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba yana raye, don kuwa haka muka taso muka ga ana yi da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, in zai yi magana da kai ka kau da kai gefe. Yanzu da ba shi nan ina iya faɗi, Lawali. Uban ya so ya gaje shi, shi kuwa tun yana ƙarami ransa na tashar mota. Ya yi ta bin manyan direbobi har ya iya, wani attajiri ya ba shi matsakaiciyar mota yana ɗaukar kaya da 'yan kasuwa tsakanin Kaura da Shinkafi. Malam bai ji daɗi ba da farko, amma daga baya abin ya koma musu wasa. In sun haɗu a zaure sai in jiyo uban yana cewa, “Ni ina gyara hanya, kai kana bi kana farfasa mani.” Shi kuma ya yi dariya ya ce ai don kada Baba ya rasa aikin yi ne.

Da aka ba mu jiharmu ta kanmu, gari ya ɗauki murna kamar kowa aka yi wa haihuwa. Manyan motoci suka yawaita, masu siminti da rodi da katako, nauyin da hanyoyinmu ba su saba ɗauka ba. A lokacin ne aka ɗora Malam a kan dukkan masu kula da hanya na ɓangarenmu, daga Kaura zuwa Shinkafi, da wadda ta nufi Zurmi. Ba a jima ba Shari'a ta zo. Kiɗan bakin tasha ya yi shiru, aka rufe wuraren da ake rufewa, ko'ina ka juya ana aza harsashin masallaci, da yawansu ma Malam ne ya ja musu igiyar awo kyauta. Ya yi farin ciki ƙwarai. Yakan ce abin da ya fi burge shi shi ne a ce doka ɗaya ce ga babba da yaro. Da ma can mutum ne mai tsauri a aiki, sai ya ƙara. Direba ya taɓa aiko mana da zabi biyu, Malam ya sa aka mayar masa da su har gida. Aka riƙa faɗi a tasha cewa Obasiya ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, kuma na lura yana jin daɗin wannan shaidar fiye da yadda yake nunawa.

A tsakiyar wata damina, gero ya fara fitar da kai, matar Lawali ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka tana gidan iyayenta a Shinkafi. Mace aka samu, ranar Juma'a, suna sai Juma'a ta zagayo. Aka shirya cewa ranar Alhamis, da yake ranar kasuwar Shinkafi ce, Lawali zai tafi da lodinsa kamar kullum, ya haɗa da ragon suna da goro da kayan barka, mu kuma mu bi daga baya. Kwana uku kafin nan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Alhamis ɗin Malam na idar da sallar asuba ya fita. Da hantsi ina bakin ɗaki ina tsintar shinkafa, sai ga Lawali ya shigo ya durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda ya saba.

Ya ce, “Inna, direbobi na faɗin ruwa ya cika a hanya. Ina ganin ko in bari sai gobe da sassafe.”

Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da tsintata, na yi magana kamar da tiren nake yi. Na ce, “Gobe da sassafe anka riga anka raɗa suna. So ake mutanen Shinkafi su ce mun kasa kai rago kan lokaci? Ragon nan shi kwana can.”

Ya ɗan yi dariya ya ce, “To, Inna. Shi kwana can.” Na ji takunsa har zaure, na ji kukan ragon da ake ja. Ko bayansa ban kalla ba.

Abin da ya faru a hanya daga bakin Mamman mai albasa na ji shi, maƙwabcinmu ne, yana cikin motar. Akwai wata gada mai baki uku a kan ƙorama kafin a kai Shinkafi, Malam ne ya gina ta tun yana birkila. Da suka iso sai suka tarar da motoci sun yi layi. Ashe Malam ya shiga ƙarƙashin gadar, ruwa har ƙirji, ya lalubo ya ji ruwa ya kwashe ƙasar da ke gindin ƙafa ɗaya, ga kuma tsaga a jikin simintin. Ya fito ya sa aka gitta gungumen itace a kan ganguna biyu, ya ce mai ƙafa ya wuce, mota kuwa ko ta wane ce ba ta hawa. Direbobi sun yi roƙo, sun yi faɗa, sun gaji sun koma gindin itatuwa. Da suka hango motar Lawali sai duk suka taso, suka zo suka tsaya suna kallo.

Lawali ya sauko ya je gaban uban ya durƙusa. Ya ce, “Baba, ka san abin da ke gabana gobe. Motata ba ta kai nauyin waɗannan ba. In sauke mutane, in lallaɓa a hankali.”

Malam ya ce, “Ka bar motar nan. Ja ragonka ka taka da ƙafa, ka samu wata a wancan ƙetaren.”

“Kayan mutane fa, Baba? Amana anka ba ni. In bar mota cikin daji da lodi?”

Mamman ya ce Malam ya ɗora hannunsa a kan gungumen. Can ya ce, “Ban buɗe ma kowa ba, ba ni buɗe maka.” Lawali ya tashi ya kaɗe gwiwarsa, ya koma motarsa.

A nan wani ya kawo zancen mashigin da ke ƙasa kaɗan da gadar, inda shanu da amalanke suke ƙetarawa, wai wurin yashi ne mai faɗi, ruwan bai wuce gwiwa ba. Wata ƙaramar a-kori-kura ta fara gwadawa ta haye lafiya. Lawali ya bi. Da suka isa bakin ruwan ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, ya danƙa wa Mamman igiyar ragon. Sai da suka haye duka sannan ya shiga. A tsakiya ƙafar baya ta nutse cikin yashi. Yana ta fama da ita, gaba da baya, sai mutanen da ke kan gaɓa suka ji wani ruri daga sama. Ruwan da aka yi can gabas ne ya iso, ja wur, ɗauke da rassan itace. Suka yi ta ihu ya diro. Mamman ya rantse ya ga ya buɗe ƙofa har ya sako ƙafa ɗaya, sai kuma ya koma ciki, Allah kaɗai ya san abin da ya koma ɗaukowa. Ruwan ya bugi motar ta kwanta.

Daga kan gada Malam ya jiyo ihun, ya zo da gudu. Kwana biyu yana bin gaɓar ƙoramar shi da leburorinsa, ba wanda ya iya sa shi ya ci abinci. Ranar Asabar suka sami Lawali, saiwar wani itace ta riƙe shi kusa da wani ƙauye. Jikin ba zai ɗauku zuwa gida ba, a can aka yi masa sutura. An ce Malam ya karɓi diga daga hannun masu haƙa ya gyara kabarin da kansa, ya daidaita kowace kusurwa. Ragon kuwa ya kwana Shinkafi. Mamman ne ya kai shi, bai san abin da zai yi da shi ba in ba haka ba. Juma'a da safe aka yanka, aka sa wa jaririya Maryam, ba guɗa, ba taro.

Da ruwa ya janye, injiniyoyi suka zo daga Gusau suka duba gadar. Suka ce a zuba duwatsu a gindin ƙafar, tsagar kuma a fatar siminti kawai take, ba ta shiga ciki ba. Kwana uku da rasuwar aka janye gungumen, manyan motoci suka ci gaba da hawa da lodinsu. Mata masu zuwa gaisuwa su suka kawo mini wannan labari, suna faɗi ƙasa ƙasa a tsakaninsu suna zaton ba na ji.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, Malam ya shigo ɗakina. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna a bakin gado ya ce in ba shi ruwa. Na ɗebo na miƙa masa, ya kai kofin baki ke nan na ji bakina yana cewa, “An ce gadarka na nan tsaye, Malam. Barka da arziki.” Ya tsaya da kofin a hannu. Ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ba na fushi ba, kamar na wanda ya yarda da hukuncin da aka yanke masa. Ya ajiye ruwan bai sha ba, ya fita.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Ba mu yi faɗa ba ko sau ɗaya bayan haka. Ina dafa abinci yana ci, ina gaishe shi yana amsawa, wanda ya shigo gidan ba zai ga komai ba. Amma bai ƙara miƙo mini hannunsa bayan tuwo ba, ni kuma ban nema ba. Ya roƙa aka bar masa ɓangaren Zurmi kawai, ya kama ɗaki a can, sai ya yi mako bai zo ba. Da uwar Maryam ta sake aure, shi ya je Shinkafi ya roƙi a ba mu yarinyar. Waɗanda suka yi tafiyar da shi sun ce da mota ta iso gadar sai ya ce a tsaya, ya sauka ya taka da ƙafa, ya jira su a gaba. Haka ya riƙa yi har ya daina tafiya. Yarinyar nan ita kaɗai take sa shi dariya. Ya gina mata ɗan ƙaramin ɗaki na wasa a bayan rumbu, da ƙofa da taga da indararo, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, ya ɓata kwana huɗu a kansa kamar gidan hakimi aka ba shi.

Ni kuwa ina sane da abin da na faɗa wa Lawali a bakin ɗaki. Ba wanda ya ji sai ni da shi. Yaron da ya zo da kansa yana neman a ce masa ya bari sai gobe, ni na tura shi. Tun ranar da Mamman ya ba ni labari na san haka, kuma ina jin shi ya sa na yi saurin ɗora wa Malam, don kayan sun fi ƙarfin kaina. Sau da yawa nakan shirya faɗa masa. In ce bari ya gama cin abinci, in ce bari azumi ya wuce, in ce bari ya dawo daga Zurmi. Tsoro nake ji kada ya dube ni da idon da na dube shi. A haka shekaru suka yi ta tafiya har ya bar aiki, tari ya kama shi, likita ya ce ƙurar siminti ce ta taru a ƙirjinsa.

Wata ranar da la'asar, jikin ya yi nauyi sosai, 'ya'yansa mata na kewaye da shi, sai ya ce su ɗan ba mu wuri. Ya nuna mini gefen katifa na zauna. Yana magana yana hutawa. Ya ce, “Akwai abin da ban taɓa gaya ma kowa ba. Ranar nan, da yaron nan ya durƙusa gabana, na san motarshi za ta wuce. Ni na gina gadar, na san abin da za ta iya ɗauka. Manyan nake jin tsoro, ba tashi ba. Har na kama itacen zan ɗaga.” Ya yi tari mai tsawo, na tallafe shi. Ya ce, “Sai na ga idon direbobi a kaina. Na ce gobe a tasha za a ce Obasiya ya buɗe ma ɗanshi. Ba tsagar ta hana ni ba, bakin mutane ne. Abin da kinka faɗa mani gaskiya ne. Ki yafe mani.”

Na ce, “Na yafe maka, Malam, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mani.”

Ya juyo da kansa a hankali ya dube ni, har da ɗan murmushi. Ya ce, “Ke kuma mi kinka yi?”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki, maganar tana kan harshena. Sai aka yi sallama a tsakar gida, tsofaffin leburorinsa ne suka zo dubiya daga Zurmi, su biyar. Na ja mayafi na tashi na ba su wuri, har da jin sauƙi a raina, na ce gobe in Allah ya kai mu. Washegari harshensa ya riƙe. Ya kwana biyu yana kallonmu ba ya magana, ban sani ba ko yana ji. Na sunkuya kusa da kunnensa sau ɗaya, ɗakin cike da mutane, na kasa. Ranar ta uku da hantsi ya cika.

Yanzu hanyar Shinkafi ba mai binta sai da rakiyar masu bindiga, wani lokacin ma ko da rakiyar ba a bi. Ƙauyen da aka binne Lawali an ce ba kowa a cikinsa, ciyawa ta rufe har masallacin. Maryam ta yi aure tana da 'ya'ya biyu, duk sanda ta zo sai ta ce in ba ta labarin kakanta, in ba ta na gini da na rake, in tsaya a nan. Mutane har gobe in an tuna abin sai su ce taurin kan Obasiya ne ya ci ɗansa, ina ji ina yin shiru. Ya tafi yana ganin shi kaɗai ya yi, ni kuma na bar shi ya tafi a haka. Tambaya ɗaya ya yi mini a ƙarshen zamanmu, ga amsarta na bayar yau, bayan mai tambayar ya daɗe a ƙasa. Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙan Lawali. Ni kuma wanda ya ji wannan ya roƙa mini gafara.